Yaya Li-chu da Koren Fakiti

Fang Li-chu tana isowa aiki tun mai gadi bai gama shan shayinsa ba. Ta jingine babur ɗinta a gindin bishiyar da ke bayan tasharmu ta Taichung, ta rataye hular kwano a madubi, ta hau bene da kofin madarar waken suya a hannu ɗaya, burodi mai ƙwai a ɗayan. Ba teburinta take fara nufa ba. Ɗakin sanyi take shiga, inda manyan kwamfutocin kamfani suke jere cikin kabad na ƙarfe suna gurnani kamar tsofaffin da suka ƙoshi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga koren fakitin guggurun da ke kan kowace, ta duba ranar lalacewarsa, ta mayar. Sannan ta zauna ta karanta rahoton abin da na'urorin suka aikata jiya, da fuskar mai duba sakamakon jarrabawar ɗan maƙwabta. In ba ta ga komai ba, sai ta ce, "Shiru," ta warware burodinta.

Wannan shirun shi ne aikin rayuwarta, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi bayan shekara ashirin da 'yan kai. Masu mujallar kamfani sun ce in rubuta wani abu a kanta. Ni aka zaɓa domin falsafa na karanta a jami'a, kuma a kamfanin motocin safa amfanin falsafa shi ne rubuta jawabin bankwana da sanarwar da ake mannawa a ƙofar bayi. Yau dai na samu wadda yabonta ba ya bukatar in ƙara gishiri.

Fasinja yana ganin hoton kujera a wayarsa, ya danna, ya biya, ya koma barcinsa. Abin da ke gudana a bayan wannan dannawar, wato wa ya riga wa, wace mota ce, kuɗin sun shiga ko ba su shiga ba, kada a sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, shi ne aikin sashen su Li-chu. Madafa ce, ba mai leƙa ta sai tuwo ya ƙone. Ni kuwa shugaban sashen sauraron koke ne, don haka wajena ƙaurin ke fara isowa.

Kafin ta zo, madafar nan ta mutum ɗaya ce, Ko Chin-fa, wanda kowa ke kira Tsoho Ko tun bai tsufa ba. Shi ya rubuta manhajar sayar da tikiti da hannunsa, tun lokacin da motocinmu ba su cika fili ɗaya ba. Mutumin kirki ne, mai ƙwaƙwalwa, amma ya gina manhajar yadda tsohuwa ke shirya ɗakinta: komai yana nan, sai dai ita kaɗai ta san ƙarƙashin wace tukunya yake. Akwai wani ɓangare a ciki da ya raɗa wa suna "kar a taɓa". Akwai wani kusa da shi mai suna "wannan ne ainihin kar a taɓa".

Duk shekara, safiyar da aka buɗe sayar da tikitin Sabuwar Shekara, rabin tsibirin nan kan tashi da niyyar tafiya kudu a rana ɗaya, manhajar kuwa ta duba yawansu ta suma. Sai a ga Tsoho Ko ya naɗe hannun riga, ya yi ta bugun maɓallai, gumi na zuba, har ta farfaɗo. A yi tafi. A liyafar ƙarshen shekara Shugaba Tu, mai kamfanin, ya miƙa masa lambar yabo. Bangon ofishinsa ya cika da su. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya gina gidan da ke kama wuta duk shekara, tunda maginin ne ke zuwa da ruwa.

Wadda ta biya kuɗin lambobin nan ita ce 'yarsa tilo, Pei-shan. Ranar da ta gama firamare, waya ta kira shi ana tsakiyar kiran sunaye. Ranar da ta karye a hannu, ya kai ta ƙofar asibiti ya juya. A cin abincin jajiberin Sabuwar Shekara kuwa, kamar yadda ake yi wa duk wanda bai samu zuwa ba, akan rataye rigarsa a kujerarsa. Matarsa ta taɓa gaya mini cewa yarinyar ta girma tana zuba wa riga shayi, kuma rigar ta fi uban zama a gama hira.

Li-chu ta zo mana daga wani banki da digiri biyu da harshe mai kaifi uku. A taron farko da ta halarta, ta saurari tarihin jarumtar Tsoho Ko har ƙarshe, sannan ta tambaya cikin ladabi me kamfani ya tanada in ɗaya daga cikin motocinmu ta buge shi gobe. A nan ba a kiran irin wannan abu da suna, balle da safe, balle mai shi yana zaune. Shugaba Tu ya yi sauri ya ce maganar yara ba ta kamawa, alhali yarinyar ta kusa arba'in. Tsoho Ko ya ce ai direbobinmu sun san shi, za su taka birki.

"Yaya Ko," in ji ta, "na hau motocin nan. Ban ga alamar sun san birki ba."

Daga nan ta fara kawo dokoki. A riƙa gwada kwafin ajiya na bayanai a ga ko da gaske yana dawowa. Kowace na'ura ta samu abokiyar tagwaitaka da za ta karɓi kaya in ta faɗi. Kada wani ya sa sabon rubutu a manhaja sai wani ya karanta. Duk wanda ya san taronmu ya san abin da ya biyo baya: kowa ya gyaɗa kai, kowa ya ce shawara ce mai kyau ƙwarai, aka tashi aka ci gaba da yadda ake yi. Mu mutane ne masu ladabi. Ba ma ƙin magana, binne ta muke yi da girmamawa.

Abin da ya buɗe mata ido ƙaramin abu ne. Wata rana wani injiniya ya lura fakitin da ke kan na'urar biyan kuɗi saura kwana kaɗan ya lalace. Kowa a sana'ar nan ya san ƙa'idar: a ɗora wa na'ura koren fakitin gugguru mai ɗanɗanon kwakwa don ta yi ladabi, kore kawai, domin ja da rawaya launin fitilar matsala ne, ba a ci, ba a kuma barin ya wuce ranarsa. Nan take sashen ya rikice. Mutum biyu suka bar abincin rana suka ruga kanti. Shugaba Tu da kansa ya sauko daga bene ya tsaya a kansu har aka ɗora sabo. Li-chu ta tsaya a ƙofa tana kallon masu digiri, waɗanda suka shafe watanni ba su gwada kwafin ajiya ba, suna gyara wa gugguru zama da hannu bibbiyu.

Da wani ne, da ya yi musu lacca a kan camfi. Ita kuwa ɗaura aure ta yi tsakanin camfin da dokokinta. Ta sanar cewa daga yau ba a sauya wa na'ura fakiti sai an kashe ta da rana tsaka, kowa na kallo, an ga abokiyarta ta ɗauki kayan, an kuma dawo da kwafin ajiyarta an tabbatar ba fanko ba ne. In ba a yi haka ba, tsohon fakiti ya zauna har ya lalace, kuma ita ba ruwanta da abin da zai biyo baya. Ba ta faɗi abin da zai biyo bayan ba. Ba ta bukata. Mutanen da dokar injiniya ba ta motsa ba, tsoron lalataccen gugguru ya tashe su tsaye. Na tambaye ta daga baya ko ta yarda da fakitin. Ta ce ta yarda da ranar da aka buga a bayansa, domin ita ce kalandar da ba a taɓa ɗagawa a kamfanin nan ba.

Gwajin farko bai yi kyau ba. An kashe na'ura, abokiyarta ta ƙi tashi, kwafin ajiyar da aka yi shekaru ana taƙama da shi kuwa aka buɗe aka tarar ba komai ciki sai suna. Amma ranar Laraba ce, da hantsi, lokacin da masu sayen tikiti ba su wuce 'yan fansho masu zuwa ganin jikoki ba. Aka kunna tsohuwar aka gyara a natse. Abin da take nema ke nan: in dole ne abu ya karye, ya karye a gabanta, tana ƙoshe, hannunta riƙe da shayi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ta juya kan mutane. Ta kawo gora irin ta haikali cike da sandunan bambu, kowane da sunan ma'aikaci. Ranar sauya fakiti a girgiza, wanda sandarsa ta faɗo, to ranar ya tafi sayar da ƙwan agwagwa, kamar yadda muke cewa in mutum ya riga mu gidan gaskiya ba ma son faɗa. Zai zauna a ɗakin shayi, ana ganinsa ta gilashi, amma ba a tambayarsa komai, shi ma ba ya cewa komai. Sauran su yi aikin ba shi. Sandar Tsoho Ko ta riƙa faɗowa da yawan da ya ba ilimin lissafi mamaki. Na taɓa leƙa cikin gorar, na ga sunansa a sanduna fiye da yadda adalci zai lamunta, na mayar da murfin.

Ban taɓa ganin mamaci mai wahala irinsa ba. Yana zaune bayan gilashi yana kallon mutane na lalube a cikin manhajarsa, yana miƙewa yana zama. Da ya ga za su yi kuskure sai ya kama tari, tari ɗaya na nufin hagu, biyu na nufin dama. Li-chu ta shiga ta ajiye masa alewar maƙogwaro ta ce matattu ba sa mura. Ya ce mata wannan ba aikin injiniya ba ne, wulaƙanta manya ne. Ta ce in ya dawo duniya gobe ya shigar da ƙara wajen Malam Shih, wato ni.

Duk abin da aka kasa yi ranar sai da shi, shi ne aikin makon gaba. A zaunar da shi ya yi bayani, a warware ƙullin, a raba katon ɓangare zuwa ƙanana da mutum zai iya riƙewa a ka, a sa wa kowane suna na gaskiya, a rubuta masa gwajin da zai yi ihu in wani ya ɓata shi. "Kar a taɓa" ya ɗauke su kusan shekara. Da suka kai ƙasansa suka tarar rabinsa yana lissafin kuɗin wata hanya ce da muka daina bi tun kafin a gina babban titi. Ranar da aka goge shi ta sayo wa sashen kek ɗin abarba. Haka take: rubuta sabon abu ba ya burge ta, amma a goge mataccen rubutu, sai ka ga haƙoranta.

Ta kuma hana tambaya ɗaya. In abu ya lalace aka zauna bincike, duk wanda ya ce "wa ya yi?" shi zai sayi shayin kowa. Tambayar da ta yarda da ita ita ce yaya aka yi manhaja ta bar mutum mai hankali ya yi wannan kuskuren cikin sauƙi. Shugaba Tu ya shayar da sashen nan shayi har mai kantin ya fara aiko masa da gaisuwar Sabuwar Shekara. Amma daga lokacin mutane suka daina ɓoye ɓarnarsu, suka fara kawo ta da kansu tun tana ɗanya.

Sakamakon ya fara bayyana a sashena. Wayoyi suka yi sanyi. Ma'aikatana, waɗanda a da ake zagin iyayensu daga safe zuwa yamma, suka koma saƙa da renon furanni. Nan ne haɗarin irin aikinta yake: wanda ya kashe gobara ana ganinsa a hoto, wanda ya hana ta tashi kuwa kamar zaman banza yake. Wata shekara Shugaba Tu ya fara tambaya a fili me ya sa yake ciyar da sashen da ba abin da ke faruwa a cikinsa. A liyafar ƙarshen shekarar, da aka kawo dafaffiyar kaza, sai aka ga kanta yana kallon Li-chu, kuma kowa ya san wanda kan kaza ya kalla a liyafar nan ya fara neman wani aikin. Ta sa tsinken cin abinci ta ɗauke kan, ta cinye shi a natse, ta ajiye ƙashin a gefen faranti.

"Ya yi daɗi, Shugaba. In kana son ganin abin da muke yi, ba mu hutun wata biyu gaba ɗayanmu. Za ka gani har ka gaji."

Bai ba su hutun ba. Bai kuma sake barin a kawo kaza da kai ba.

Ranar wankan ta zo ne ta inda ba a zata ba. Pei-shan ta samu miji, wani malamin makaranta. Aka kai ranakun haihuwarsu wajen mai duban kwanaki, ya auna, ya fitar da rana da sa'ar da ango zai zo ɗaukar amarya a gidan kakanninta a Chiayi. Ba wata rana ba ce illa safiyar buɗe tikitin Sabuwar Shekara. Tsoho Ko ya roƙi a matsa da ita ko da kwana ɗaya. Kakar ango ta ce taurari ba sa aiki a kamfanin mota.

Bayan kwana biyu sai ga matar Tsoho Ko a ofis da akwatunan kek ɗin baiko. Ta raba wa kowa, sannan ta ja kujera ta zauna gaban Li-chu. Teburina na kusa, kuma sauraro sana'ata ce.

"Ƙanwata, aron mijina na zo nema. Safiya ɗaya. Zan dawo muku da shi da yamma, ko ƙwarzane babu."

Ta ce ba liyafar ce ta dame ta ba, wannan ko riga ta iya zama. Abin da riga ba ta iyawa shi ne lokacin da amarya ke durƙusawa gaban iyayenta ta yi bankwana, uba ya yi mata magana, ya sauke mata lulluɓi da hannunsa kafin a fita da ita. Pei-shan ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Kawunta kawai ta je ta samu, ƙanen uwarta, ta ce ya ɗinka kwat ya tsaya kusa, in wayar Baba ta yi ƙara shi zai sauke lulluɓin. Kawun har ya fara gwaji da labulen ɗakinsa.

"Yarinya mai hankali," in ji Li-chu. "Ta tanadi madadi, har ana gwada shi. Da za ta zo in ɗauke ta aiki." Sai ta ture akwatin kek ɗin gefe. "Matar Yaya, ki ce wa kawu ya ci gaba da gwaji. Amma ba za a kunna shi ba."

Shugaba Tu bai so ba. Ya kawo shawarar Tsoho Ko ya je da kwamfutar hannu ya ajiye a mota, ko da wani abu. Shi kansa Tsoho Ko ya goyi bayan haka da sauri mai ban tausayi. Li-chu ta ce shekarun da aka yi ana kashe shi ranar Laraba ba don nishaɗi aka yi ba. In manhaja ba za ta iya rayuwa safiya ɗaya ba shi ba, to ita ce ta ci kan kazar nan da hakki. Shugaba ya ce in abu ya faɗi, a kanta. Ta ce dama can a kanta yake, yau ne kawai aka faɗa. Jajiberin bikin ta karɓi wayar Tsoho Ko, ta kashe, ta kai ɗakin sanyi ta ɗora mata koren fakiti. Ni kuma aka tura ni Chiayi da sunan wakilin kamfani. Ainihin aikina shi ne in hana shi aron wayar kowa.

Da safe aka tayar da tartsatsin wuta a bakin layi, motocin ango suka iso. Tsoho Ko na zaune a falo cikin kwat kusa da matarsa, hannunsa na ta zuwa aljihun da ba komai, kamar harshe da gurbin haƙori. Kawu na tsaye a bayansa, gashi ya sha mai, yana murza yatsu. Amarya da ango suka shigo suka durƙusa. A daidai nan wayata ta fara rawa a aljihu. Na zame zuwa baranda.

Shugaba Tu ne, muryarsa ta haura sama. Na'urar da ta fi kowace tsufa, wadda Tsoho Ko ya sayo da kansa, ta mutu ana buɗe tikiti. Ba suma ba, mutuwa, har da wari. Ya ce in kai wa Tsoho Ko wayar yanzu. Sai na ji Li-chu ta karɓe kan wayar.

"Malam Shih, me yake yi?"

Na leƙa ta taga na ce ya kama bakin lulluɓin.

"To bar shi ya gama. In an kawo shinkafa mai kaguwa ka ƙullo mini."

Ta kashe. A nan falsafa ta yi mini rana, domin na yi abin da aka horar da mu a kai shekara huɗu: na tsaya ina tunani, ban yi komai ba.

Tsoho Ko ya kwana uku yana haddace jawabi, amma da ya dubi fuskar 'yarsa jawabin ya gudu. Ya ce mata ta riƙa cin abinci a kan lokaci. Sannan ya juya ga angon.

"In ita ta kira ka, ka ɗauka. In wurin aiki ne, bar ta ta yi ta ƙara."

Ya sauke lulluɓin a hankali, ya gyara gefen da ya karkace, ya sake gyarawa ko da yake ya riga ya daidaita. Ta ƙarƙashinsa Pei-shan ta kama hannunsa ta riƙe, har mai jagorar amarya ta fara duban agogo tana gyaran murya. Matarsa ta yi kuka. Kawu ma ya yi, ko da yake nasa ina zargin na kuɗin ɗinki ne. Mun lallashe shi da kaguwa.

Abin da ya faru a ofis kuwa Yen Hsiu-ling ce ta ba ni labari, injiniyar da ke riƙe da aiki ranar. Ta ce kafin Shugaba ya gama lalubo lambata, abokiyar na'urar ta riga ta ɗauki kayan. Fasinjoji sun ga saƙon "a ɗan jira" na ɗan lokaci, suka yi tsaki, layi ya ci gaba. Ita kuma ta yi abin da ta sha yi ranakun Laraba har ya gundure ta: ta tayar da wata na'urar, ta dawo da kwafin ajiya, ta duba ko an sayar da wata kujera sau biyu. Ba a sayar ba. Na tambaye ta me Yaya Li-chu ta yi. Ta ce ko maɓalli ɗaya ba ta taɓa ba. Tana zaune a baya tana yanka gwaiba, tana miƙa wa Shugaba yanki-yanki don bakinsa ya samu abin yi. Koken da sashena ya samu ranar biyu ne na kirki: ɗaya a kan bayin tashar Tainan, ɗaya a kan waƙoƙin da wani direba ke sawa.

Da Tsoho Ko ya dawo aiki, ya shigo yana tambaya ko an kwana lafiya. Aka gaya masa. Ya tsaya ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ta mutu? Kuma ba wanda ya neme ni?"

Aka ce babu. Ya shiga ofishinsa ya zauna ƙarƙashin lambobin yabonsa har lokacin abincin rana. Sannan ya tashi ya shiga ɗakin sanyi, ya ɗauki fakitin da ke kan matacciyar na'urarsa, ya farke shi a gaban kowa, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin kamfanin. Ya ci ɗaya, ya miƙa wa Li-chu.

"Ya yi laushi," in ji shi.

"Kai ma haka, Yaya Ko," ta ce, ta ɗebi cikin hannu.

Yanzu yana tashi aiki tare da kowa. Yana da jika, kuma shi ke ɗauko ta daga gidan reno. An ce yana damun malaman da tambayar wa zai riƙe ajin in malama ta yi rashin lafiya.

Yaya Li-chu, ke ce mai kashe wuta tun tana kan ashana. Ke ce kika gane cewa ba na'ura ce kaɗai ke bukatar abokiyar karɓar kaya ba, har da wanda ke zaune a gabanta. Kin tarar da mu muna bauta wa jarumi, ba ki rushe shi ba, kika sauke shi daga kan dutse kika mayar wa iyalinsa. Kin tarar da mu da camfinmu, ba ki raina mu ba, kika ɗaura masa kaya ya ja. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, domin har yau kamfani bai gano yadda ake zana hoton abin da bai faru ba. Akwai dubban mutanen da suka isa gida suka ci abincin jajibere da iyayensu, ba su san sunanki ba, kuma da a ce sun sani, da alama ce kin gaza.

Ga masu irin wannan sana'a a wasu wuraren, ba na ce ku sayi gugguru ba, ko da yake ba ya cutarwa. Ku dubi ofishinku ku nemo mutumin da ba a iya yi sai da shi. Kada ku ƙara masa lamba. Ku zaunar da shi bayan gilashi ranar Laraba, ku ba shi alewa, ku koyi abin da ya sani tun yana da haƙurin koya muku. Wataƙila akwai wata yarinya a gidansa da ta fara yi wa kawunta magana.

A shekarar nan sandar da ta fi faɗowa daga gorar ta Li-chu ce, kuma wannan karon ban ma wahalar da kaina da leƙawa ba. Ta zauna bayan gilashi Laraba bayan Laraba tana karanta littafin noman lemo, domin gonar yayarta a Taitung za ta koma. Ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Jiya da yamma na ga Tsoho Ko a gindin bishiya yana saka koren fakiti a kwandon babur ɗinta, yana waige-waige kamar ɓarawo. Da ta sauko ta gani, ta ɗaga shi, ta juya bayansa ta duba ranar. Ta ce yana da sauran rai, ta mayar, ta ɗaure hular kwanonta.

Mun gode, Yaya. Ki sauka lafiya, ki kashe wayarki in kin ga dama, ki bar ta a kunne in kin ga dama. Ba za mu kira ki ba.